Sunana a Ƙarƙashin Gwaggo

Baffa Bamalli, ƙanen mahaifina, shi ya ɗora mini aikin, a gaban mutane kuma, yadda ba zan iya zillewa ba. An sauko daga Juma'a muna tsaye a ƙofar gidan kakanmu da ke unguwar Kurmin Sarki a Suleja, ya ce a taron zumuncin bana, wanda za a yi bayan Babbar Sallah, yana so a ga zuriyar kakan namu, Malam Ahmadu, duka a jere, daga shi marigayin har jaririn da aka yi wa suna kwanan nan.

"Ba kai ne mai kwamfuta ba?" in ji shi. "Kullum sai mu ji ana cewa Sha'aibu ya ƙera wani abu. To, a nuna mana amfaninsa."

Da mai hankali aka gaya wa, cewa zai yi bari ya duba. Ni kuwa sai na gyara tsayuwa, na ce ai abin da na ƙera kamar don wannan aikin aka yi shi. Sam ban tuna ba cewa a duk zuriyar akwai mutum ɗaya da ba ya zaunuwa a wuri ɗaya, kuma ni ne. Ni ɗan fari ne a wurin Hajiya Fatsuma. Ana yaye ni aka miƙa ni ga Gwaggo Asibi, yayar mahaifina, wadda Allah bai ba ta haihuwa ba. A ɗakinta da ke unguwar Kwamba na yi wayo, ita ta kai ni makaranta, ita ta nemo mini mata. Ɗaya ta haife ni, ɗaya ta riƙe ni, dukansu kuma suna raye, za su zauna a wurin taron su ga inda na ajiye sunana.

Abin da na ƙera sunansa Rassa. Manhajar rubutu ce, amma ba irin wadda ake zuba zance a cikinta kamar wasiƙa ba. Layi-layi ake rubutu. Ka sa kan magana, ka tura ƙananan maganganu a ƙarƙashinsa, su ma ka tura wasu a ƙarƙashinsu. Duk layin da yake da wani abu a ƙasansa, za ka ga 'yar kibiya a gefensa. Ka taɓa ta ya buɗe, ka sake taɓawa ya naɗe. A cikin motar haya na fara ta, kwamfuta a cinya, tsakanin Suleja da ma'aikatarmu a Abuja, don cunkoson Madalla yana ba mutum lokacin da ko hutun shekara ba ya ba shi. Da ta fara aiki sai na sake ta a buɗe, kowa ya ga cikinta, ya ɗauka kyauta, ya kawo gyara in yana da shi. Na yi zaton duniya za ta ruɗe. Waɗanda suka zo ba za su cika bas ɗaya ba, yawancinsu ma sun zo ne su gaya mini abin da ba ya aiki.

Duk da haka mun zama jama'a. Muna da guruf a waya, kuma lokaci-lokaci mukan haɗu ranar Asabar a shagon Damilare mai sayar da kwamfuta a bayan babbar kasuwa, mu zauna kan kwalaye mu yi ta musu. Taufiq, ɗan Baffa Bamalli, yana cikinmu. Akwai kuma Hilda, malamar kimiyya da ke zaune a Madalla, wadda hannunta a rubuta manhaja ya fi nawa tsabta, abin da ban taɓa faɗa da ƙarfi ba.

Ita ce ta kawo maganar da ta raba mu, ana saura kaɗan a fara azumi. Da Rassa take tsara darussanta. Ta ce akwai darasin da take koyarwa a aji biyu, tana so layi ɗaya ya iya zama a ƙarƙashin wuri biyu, in ta gyara shi a nan ya gyaru a can. Ba ma roƙo ta zo yi ba, ta riga ta rubuta gyaran, yana aiki, amincewarmu kawai take nema a shigar da shi.

Na karanta gyaran sau biyu ina neman kuskure, ban samu ba, abin ya ƙara ɓata mini rai. Sai na koma kan aƙida. Na rubuta saƙo a guruf wanda sai an danna "ci gaba" har sau da yawa kafin a kai ƙarshensa. Na ce Rassa an gina ta ne a kan tsari, kuma tsari shi ne kowane abu ya san wurinsa. Na ce wanda ya kasa yanke shawarar inda abu zai zauna, tunaninsa ne bai nuna ba, ba manhaja ce za ta nunar masa da shi ba. Ranar Asabar a shagon Damilare na maimaita duk wannan a tsaye, hannu ɗaya a aljihu.

"Oga, abeg," in ji Damilare, "abin nan yana aiki fa. Na gwada shi. Kebur ɗin caja, yana cikin kayan waya, yana cikin kayan kwamfuta. Ina zan sa shi?"

"Ka zaɓa," na ce. "Rayuwa zaɓi ce."

Har yanzu ina jin daɗin yadda maganar ta fita, duk da abin da ta jawo mini. Hilda ba ta ɗaga murya ba. Ta ce wanda ba ya so ai ba dole ya yi amfani da shi ba. Taufiq ya goyi bayanta, na harare shi hararar babban wa, bai ko ji a jikinsa ba. Muka yi ta yi har azumi ya raba. A ƙarshe na ci nasara, amma ba hujja ce ta ci ba, gajiya ce. Mutane na fama da ƙishirwa, ni kuma ba na gajiya da rubutu. Ɗaya bayan ɗaya suka riƙa cewa to, a bar shi yadda yake.

Da na tsaya a nan da abin ya zo da sauƙi. Sai nasara ta hau mini kai. Na kawo doka cewa batun da aka rufe ba a sake buɗe shi sai shekara ta zagayo, suka amince don in ƙyale su. Sannan na ƙara wa Rassa wani sabon abu da hannuna: in ta ga layi iri ɗaya a wuri biyu, sai ta shafa wa duka biyun ja, ta rubuta a gefe, "Maimaici. Wanne ne na gaskiya?" Ni na zaɓi kalmomin, na kuma yi alfahari da su.

To, a wannan hali aikin Baffa ya same ni.

Da farko abin gwanin daɗi. Na sa Malam Ahmadu a sama, 'ya'yansa a ƙarƙashinsa, kowane namiji da matansa. Matan gidan suka aiko cewa kowace mace a ga 'ya'yanta a ƙasanta, ba a tara su a ƙarƙashin uba kamar buhunan masara ba, na ce an gama. Ina ta kiran waya ina tambayar sunaye, ina gano cewa mutanen da na sani shekara da shekaru da Baba Ƙarami da Iya Ta Gidan Ƙasa ashe suna da sunan yanka. Na zo kan mahaifina marigayi, na sa Hajiya Fatsuma, na sa kaina a farkon 'ya'yanta, da matata da yarana a ƙasana. Sannan na naɗe komai don in ga kyan aikina.

'Ya'yan Malam Ahmadu suka jeru, kowa da 'yar kibiyarsa a gefe. Ban da Asibi. Layinta shi kaɗai ne ba shi da abin taɓawa. Na daɗe ina kallonsa.

Ranar Lahadi na je gaishe ta. Na same ta a tsakar gida tana tsince shinkafa, labari kuma ya riga ni isa.

"An ce za ka haska mu a bango," ta ce.

"Haka ne, Gwaggo."

"To, hoton Umaima da za ka sa, ka sa wanda ta yi da jan ɗankwali. Wancan na makaranta ta yi kama da mai zazzaɓi. Ba na so a ga jikata a yamutse."

Umaima 'yata ce ta fari. Gwaggo ba ta tambaye ni inda zan sa su ba, don a wurinta babu abin tambaya. Ta zuba mini tuwo, ta zauna tana kallona ina ci kamar yadda ta saba, ni kuma ina ta tura loma ba na jin ɗanɗanonta.

Da na koma gida na yi abin da duk mai hankali zai yi, wato abin da na ce marar tunani ne kaɗai ke yi. Na kwafi layina na liƙa a ƙarƙashin Gwaggo, na bar na ƙarƙashin Hajiya. Nan take Rassa ta shafa wa sunana ja a wuri biyu, ta tambaya wanne ne na gaskiya. Na hango wannan tambayar a bango, da manyan baƙaƙe, a gaban surukai da 'yan uwa na Izom da na Minna, a gefen sunayen mata biyu tsofaffi.

In cire jan a kwamfutata ba wuya, ai ni na sa shi. Amma Baffa ya riga ya yi shela cewa za a tura wa kowa jerin a wayarsa, Taufiq kuma, Allah ya saka masa, ya bi gida-gida yana saka wa dangi Rassa a waya. Ban taɓa samun masu amfani da ita da yawa haka ba, kuma ban taɓa fatan a ce ba su da ita ba sai a lokacin. Kafin abin ya gyaru a wayoyinsu sai an fitar da sabuwa, sabuwa kuma ba ta fita sai guruf ya amince. Wannan ma dokata ce.

Na rubuta saƙo na goge, na rubuta na goge. A ƙarshe na tura wannan: "Jama'a, wani bawan Allah ya tuntuɓe ni, yana da wata buƙata ta musamman game da layi ɗaya a wuri biyu. Ko akwai mai shawara?"

Damilare ne ya fara amsawa. "Ka ce masa ya zaɓa, Oga. Rayuwa zaɓi ce." Ya bi shi da fuskokin dariya har layi ya cika. Wani ya ɗauko hoton dokar shekara ya manna. Taufiq kuwa kirana ya yi a waya.

"Yaya, wannan bawan Allahn, ba a Kwamba ya tashi ba kuwa?"

Na ce masa ina cikin mota, ba na ji sosai.

Hilda ma ta kira, ita ce ma ta fi ba ni haushi, don ba ta yi mini dariya ba. "Malam Sha'aibu," ta ce, "gyaran nan yana nan, ban goge shi ba. In kai ne kake so, ka faɗa a guruf kai ne. Ba sai ka ce ka yi kuskure ba. Ka ce kawai kana buƙata, kowa zai yarda a ɗage dokar, mu fitar da shi kafin Sallah."

Hanya ke nan a shimfiɗe, har da tabarma. Na buɗe baki in ce to, sai na ji kaina ina cewa, "Ba ni ba ne, Malama. Wani ne. Kuma na ba shi shawara, ya fahimta."

Ta ce, "To, ka gaishe shi."

Tun da na rufe wa kaina ƙofa, sai na zauna na yi lissafi irin na masu ilimi, wane zaɓi ne ɓarnarsa ta fi ƙanƙanta. Gwaggo ba ta da kowa sai ni. Hajiya kuwa tana da Bara'atu da sauran ƙannena a bayana, layinta a cike yake, in an cire ɗaya ba zai rame ba. Sannan ita Hajiya mace ce ta da, mai kunyar ɗan fari ta gaske. Na haura arba'in ban taɓa jin sunana a bakinta ba. In za ta yi maganata sai ta ce "na wajen Yaya Asibi". In na je gaishe ta, amsawa take tana kallon wani gefe, ta tambayi lafiyar matata, da yara, da mota, ta tsallake ni. Ranar aurena a ɗaki ta wuni, Gwaggo ce uwar ango. Na ce a raina, matar da ta yi shekara arba'in tana nuna wa duniya ba nata ba ne ni, ai in na cire kaina daga ƙarƙashinta taya ta na yi. Har na ji kamar na yi mata biyayya.

Da yatsa ɗaya na ja layina, da matata da yarana duka, na sauke mu a ƙarƙashin Gwaggo. Kibiya ta fito a gefen sunanta. Babu ja ko'ina. Na jingina da kujera na ce ashe dai tsarina daidai yake, kowane abu yana da wurinsa in an yi tunani.

Ranar taro gidan kaka ya cika har zaure. Bayan la'asar aka ɗaura farin zanen gado a bangon rumfa, aka tayar da janareta, na haɗa majigin da na aro. Maza a tabarmi ta gaba, mata ta baya, yara ko'ina. Sunan Malam Ahmadu ya fito shi kaɗai, aka yi masa addu'a. Na taɓa kibiya, 'ya'yansa suka zubo, wuri ya ɗauki salati. Daga nan tsari ya watse. Kowa ihu yake a buɗe nasa. Wani tsoho ya rantse an sa ƙanensa a samansa, aka kira shaidu, aka tabbatar masa ƙanen nasa ya girme shi. Baffa Bamalli yana tsaye da sanda yana karanta sunaye da ƙarfi, kamar shi ya ƙera abin.

Aka zo kan Asibi. Na ji wurin ya ɗan yi sanyi, don kowa ya san abin da ya sani. Na taɓa kibiyar. Sunana ya fito, na sake taɓawa, matata da yara suka biyo, ga Umaima da jan ɗankwalinta. Wata daga baya ta rangaɗa guɗa. Gwaggo ta sa gefen mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta suna rawa, mata suka yi ta dafa ta. Ni ma idona ya kawo ruwa, ba zan ɓoye ba. Amma ko a cikin hawayen sai da na nemo Taufiq da ido, don ya ga yadda ake warware matsala ba tare da an taɓa doka ba.

Sai layin mahaifina. Baffa ya karanta sunan Hajiya Fatsuma, ya fara jero 'ya'yanta daga Bara'atu. Bai tsaya ba, ba kuma wanda ya tsayar da shi. Na saci kallon inda take zaune. Fuskarta yadda na san ta, ba a karanta komai a kai, carbi a hannu. Na ce alhamdu lillahi, lissafina ya fita.

Aka ci abinci, aka yi addu'a, mutane suka fara watsewa kafin magariba. Ina durƙushe a gindin rumfa ina naɗe wayoyin majigi sai na ga ƙafafu sun tsaya a gabana. Na ɗaga kai. Hajiya ce, ita kaɗai. A iya sanina ba ta taɓa tasowa ta zo inda nake ba, ni ke zuwa. Na rasa ko in miƙe ko in zauna, sai na tsaya a durƙushen.

Wayarta ce a hannunta, ta miƙo ta ba tare da ta dube ni ba. Jerin yana buɗe daidai kan sunanta.

"An ce abin nan ana iya gyara shi," ta ce.

"Ana iyawa, Hajiya."

"Nawa bai cika ba."

Na fara kame-kame, ina cewa ai tsarin ne haka, layi ba ya zama wuri biyu, in an sa a nan sai an cire a can. Ina jin kaina ina yi wa mahaifiyata bayanin da na yi a shagon Damilare, na kasa tsayawa.

"Kar a taɓa na Yaya Asibi," ta katse ni. "Nata ne. Ni na ba ta da hannuna, ban kuma taɓa cewa a dawo mini da shi ba." Ta ɗan tsaya, tana murza carbin. "Amma ba a ce don na bayar ban haifa ba. Ni ma a rubuta mini."

Ban san abin da ya sa na yi tambayar ba. Wataƙila wauta ce, wataƙila kuma wani abu ne da ya daɗe a cikina yana jira. Na ce, "Wa za a rubuta, Hajiya?"

Ta juya ta dubi tsakar gidan. Babu kowa kusa, sai mata can nesa suna tattara kwanuka. Ta dubi zanen gadon da ke bango, wanda babu komai a kansa yanzu. Leɓenta ya motsa sau ɗaya ba sauti. Sannan a hankali, kamar mai taka ƙasa bayan doguwar jinya, ta ce, "Sha'aibu."

Amsa tambayata kawai ta yi, ba kirana ta yi ba, na san da haka. Amma ina durƙushe a gabanta da wayoyi a hannu, sai na ji na ce, "Na'am."